Fiton Minti na Huɗu

Heber Techera ya kama aiki a garejin bas na ƙungiyar direbobi da ke unguwar La Teja ranar Litinin, uku ga Afrilu, 1989. Fayil ɗinsa ba shi da kauri. Cikin shekara talatin da biyar sau tara kawai ya yi fashin aiki, kuma huɗu daga ciki na makon da aka haifi 'yarsa ne. A takarda an rubuta makaniki, amma a gareji Likita ake kiransa, saboda wani dogon sukudireba mai marikin katako da ba ya rabuwa da shi. Sai ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya manna marikin a bayan kunnensa, ya rufe ido. Kafin masu kwamfuta su gama jona wayoyinsu ya faɗa: boris ne, ko fambel, ko kuwa direban ne bai iya tuƙi ba. Da wannan kunnen ya ci abinci, da shi ya rufa ɗaki na biyu a gidansa, kuma shi ne abu ɗaya da yake taƙama da shi a duniya.

Bayan inji, abin da yake ba kunnen nan shi ne kiɗan Turawa masu dogon gashi na shekarun saba'in, mai jita da ganguna kamar za a rushe gini. A ciki ma akwai faifai guda. Ba wanda ya iya faɗin sunansa daidai a unguwar, sai suke ce masa Mai Tsani, don hoton bangonsa tsani ne a jingine da katanga a tsakiyar fili. Heber bai taɓa riƙe faifan a hannunsa ba. Na wani ɗan matuƙin jirgin ruwa ne a unguwar Cerro, wanda ya ce faifansa ba zai fita daga ɗakinsa ba ko da sanda. A watan Janairun 1979 yayan Heber, Ruben, ya ɗauki rikoda ya hau bas ya je can, ya ajiye ta gaban lasifika, aka hana kowa tari, taga a buɗe saboda zafi, don a ƙasar Janairu tsakiyar bazara ne, aka naɗi faifan tun daga farko har ƙarshe. Daga wannan kaset ɗin samarin La Teja suka yi ta kwafa, wani daga na wani, har sautin ya koma kamar ana soya ƙwai a bayan mawaƙan.

Waƙa ta biyar ita ce doguwa, minti tara, wadda rediyo ba ta sakawa. A minti na huɗu ganguna suna yin shiru, jita ta ja dogon numfashi, sai wani siririn fito ya taso can nesa. Ya hau taki biyar, ya yi tuntuɓe kamar ya tsallake matakala ɗaya, sannan ya gangaro da gudu. Sau biyu yake yi, ya ɓace. Heber yana cewa nan ne zuciyar faifan. Da wannan fiton yake kiran matarsa Mirta daga bakin ƙofar gidansu lokacin da yake nemanta, har mahaifinta ya taɓa watso masa ruwa. Ruben ya tafi Australiya ya zauna can. Kaset ɗin kuma rediyon mota ya cinye shi a 2003. Sau ɗaya Heber ya ji waƙar a wayar wani direba, bai ji fiton ba, ya ce ai waya ce, me za ta iya ɗauka.

Ranar Lahadi, goma ga Maris, 2024, ya cika sittin. 'Yarsa Noelia, wadda ke kula da sauti a wani gidan rediyo a garin Maldonado, ta zo cin nama da wani kwali a hammata. A ciki akwai lasifikar kunne mai laushi kamar matashin kai, da wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana biyu ba.

"Baba, Mai Tsaninka ne a ciki. Amma ba irin na waya ba. Daga asalin tef ɗin da suka naɗa a Ingila aka kwaso shi, ba a matse ba, ba a rage ko ƙwayar zarra ba."

"Duka-duka?"

"Duka. Har numfashin mawaƙin za ka ji, har ƙarar kujerar mai ganga. Abin da ba ka ji a nan ba, to babu mai laifi sai kunnenka."

Dariya ta yi da ta faɗi haka, ta sumbaci sanƙonsa, ta koma wajen gashin nama. Da yamma ta kama bas ta tafi.

Heber ya ɗauki ƙoƙon mate, shayin ganyen nan nasu da ake zuƙa, da filas ɗin ruwan zafi, ya zauna a tsakar gida ƙarƙashin inabi, ya sa abin a kai. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Ya ji yatsun mai jita suna zamewa a kan tsirkiya. Ya ji wani ya haɗiyi miyau kafin waƙa ta biyu. Ashe mutum biyu ne ke amshi, shi da ya yi shekara arba'in da biyar yana zaton ɗaya ne. Gashin hannunsa ya miƙe. Waƙa ta biyar ta shigo, ganguna suka yi shiru, jita ta ja numfashinta, shi ma ya tsuke leɓe don ya raka fiton.

Babu komai. Shiru fes, daƙiƙa goma sha ɗaya, sannan ganguna suka dawo.

Ya mayar baya. Ya ƙara sauti. Ya juya lasifikar, ta dama a hagu, ta hagu a dama. Ya sa ɗan yatsa ya girgiza kunnensa. Sau bakwai ya maimaita wurin, har mate ɗin ya huce a hannunsa. Ya san abin da kowane makaniki ya sani: idan kunne zai tafi, siraran sautuka ne ke fara tafiya, mai kunnen kuma shi ne na ƙarshen sani. Ya ga yadda aka yi da tsofaffin gareji, suna gyaɗa kai suna murmushi ga maganar da ba su ji ba.

"Tsoho, ya kiɗan?" in ji Mirta daga bakin keken ɗinkinta.

"Da kyau."

"Da kyau kawai? Yarinya ta ɗauko kaya tun daga Maldonado, ka zauna kamar an aiko maka da sammaci."

"Na ce da kyau, Tsohuwa."

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Ya shiga gwada kansa a ɓoye. Sai ya ajiye agogon hannu a kan tebur, ya ja baya taki-taki yana ƙirga inda zai daina jin bugunsa. Sai ya murza yatsu biyu kusa da kunnen hagu, ya koma na dama. A kan hanyar gareji yakan tsaya ƙarƙashin bishiya ya saurari tsuntsaye, amma ta yaya mutum zai san tsuntsun da bai ji ba? Ya shiga ɗiga man zaitun a kunne. Ya daina cin gishiri, don wani ya taɓa cewa yana toshe ji. Idan Mirta ta yi magana daga kicin sai ya amsa tun ba ta rufe baki ba, don kada ta zargi wani abu, har ranar da ta tambaye shi ko ya ga almakashinta ya ce, "Sa mini biyu."

Lahadin da ta biyo ya tsallaka titi wurin Wilmar Pintos. Wilmar tsohon mai raba wasiƙu ne, tare suka taso, kuma Siriri ake kiransa tun kafin cikinsa ya fara riga shi shiga ɗaki. Shi ma kaset ɗinsa jikan na Ruben ne. Heber ya same shi yana wanke kejin aku.

"Siriri, zo ka ji abin zamani."

"Kai da ka ce waƙar da ba ta cikin kaset ba waƙa ba ce? Tsufa ya kai ka inda ba ka zata ba, Likita."

"Sa a kanka ka rufe mini baki."

Heber bai yi masa maganar fiton ba. Ya kai shi minti na uku da rabi, ya tsaya yana kallon fuskarsa. Wilmar ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa. Ƙafar ta tsaya, alamar ganguna sun yi shiru. Girarsa ta ɗan motsa. Ya buɗe ido ɗaya ya ga Heber ya zuba masa ido, sai nan take ya ɗaga yatsa sama, ya hau da shi taki biyar, ya gangaro.

"Ga shi nan! Kai, mutumina, kamar a cikin ɗakin nan ake hurawa."

"Ka ji shi?"

"Tar! Me ka ɗauke ni, kurma? Kai ba ka ji ba ne?"

"Ni? Ni da na kawo maka?"

Ya karɓi kayansa ya koma gida, bai ko tsaya shan mate ba.

Ranar Talata, sha tara ga Maris, Gladys Curbelo ta shigo gareji da bas mai lamba 214. Shekara goma sha biyu tana tuƙi, ba ta kawo ƙorafin banza.

"Likita, wani fito nake ji ta baya idan na hau tudun Cerro. Siriri haka, kamar butar shayi."

Ya ɗora sukudireba a kan injin. Injin yana tafiya lafiya lau. Wata guda da ya wuce da ya ce mata robar taga ce ta saki, iska ke shiga, a sa mata gam ta koma hanya. Abin da zuciyarsa ta faɗa masa ke nan. Amma ya tsaya da marikin a bayan kunne, gumi na tsattsafo masa. Idan akwai fiton, shi ne ba ya ji fa? Idan boris ne ya fara ci, ya ƙwace a kan gangare da mutum sittin a ciki?

"A ajiye ta," ya ce.

Kwana tara 214 ta yi a kan rami. Ya sa aka kwance abin da bai taɓa kwancewa ba sai da dalili, aka mayar, ba a sami komai ba. A makon ya tsare wasu bas uku. Shugaban gareji ya zo ya tsaya a kansa hannu a ƙugu.

"Techera, gareji muke da shi ko gidan tarihi? Mutane suna tsaye a tasha."

"Ina dubawa ne."

"Da can saurare kake yi. Yaushe ka koma dubawa?"

Ba da wata manufa ya faɗa ba, amma maganar ta bi Heber har gida, ta zauna tare da shi a kan tebur. Ranar Alhamis, huɗu ga Afrilu, ya yagi takarda daga littafin awon Mirta, ya rubuta wasiƙar neman ritaya. Layi shida ce, bai ambaci kunne ba. Ya fi son ya fita ana ce masa Likita da ya zauna har ranar da za a fara yi masa magana da ƙarfi. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun rigarsa, zai miƙa ranar Litinin.

Asabar da hantsi ya kasa zama a ɗaki, ya kasa zama a tsakar gida. Ya share ganyen inabi, ya sake sharewa. Ya ɗaure famfon da ba ya yoyo. Ya ɗauki lasifikar ya ajiye, ya sake ɗauka, ya rataye ta a wuya ba tare da ya kunna ba. Yana tsaye a tsakiyar gidan da tsintsiya a hannu, sai ya ji.

Can nesa, siriri. Taki biyar, tuntuɓe, gangara.

Ya dubi na'urar, a kashe take. Ya ce a ransa shi ke nan, bayan kunne hankali ma ya tafi. Sai fiton ya sake tasowa, ya fi kusa, kare ya amsa masa daga ƙarshen layi.

"Tsoho!" Mirta ta leƙo da allura a baki. "Mai wasa wuƙa ne! Rabon da in ji su a layin nan har na manta. Tare mini shi, almakashina ya zama cokali."

"Kin ji shi ke ma?"

"Wa bai ji ba? Yi sauri kada ya wuce. Haɗa da wuƙar nama."

Ya fita da silifa ƙafa ɗaya. Wani dattijo ne mai hular ulu yake turo tsohon keke, dutsen washi a ɗaure gaban sirdi. A wuyansa akwai 'yar sarewar nan ta masu wasa wuƙa, mai jerin ramuka, katakon ya yi baƙi don shan hannu. Heber ya sha jin irin wannan busa tun yana yaro, kowane mai washi da tasa. Amma wannan tuntuɓen bai taɓa jin sa a titi ba.

"Maigida, sake hurawa."

"Kai ne mai wuƙar ko mai sauraro?"

"Duka biyun. Don Allah."

Dattijon ya goga sarewar a leɓe. Taki biyar, rami na shida ya ba da iska kawai, sannan ta gangaro.

"Me ya sami na shidan?"

"Ya tsage tun ina saurayi, keke ya faɗi da ni. Na so in canza, matan Cerro suka ce da shi suke gane ni ne."

"Cerro?"

"Tun 1976. Don Olegario ake kirana, kowa ya san ni can. Yanzu mutane wuƙa ta dakushe sai su jefar, shi ya sa nake faɗaɗa yawo. Yau ne farkon shigowata layinku."

Heber ya zauna a kan dakalin ƙofa. Taga a buɗe. Janairu. Rikoda gaban lasifika, an hana kowa tari, amma ba wanda ya hana titi. Ya fara dariya, dariyar ta sarƙe shi, ya shiga tari. Sannan ya miƙe ya fuskanci gidan da ke tsallake.

"Siriri! Fito nan, tsohon maƙaryaci!"

Wilmar ya fito da singileti, ƙoƙon mate a hannu.

"Lafiya, da safiyar nan?"

"Don Olegario, hura masa."

Aka hura. Bakin Wilmar ya buɗe, ya dubi keken, ya dubi sarewar, ya dubi Heber.

"Tar, ko? Kamar a cikin ɗakin nan?"

"To ya kake so in yi? Ka tsaya a kaina kamar ɗan sanda. Na saurara ban ji komai ba, na ce shi ke nan, Wilmar, ka kurmance, kuma a gaban Likita za ka tona wa kanka asiri?"

"Mako uku ka sa ina ɗiga mai a kunne kamar salak!"

"Kai mai ka sa? Ni har asibiti na je. Ranar Laraba za su duba ni."

"Ka je. Ka ce su duba harshen ma."

Don Olegario ya kafe keken, ya hau yana taka feda, dutsen ya fara juyawa. Yana wasa almakashin Mirta suna ba shi labari su biyu a lokaci guda, kowa na katse ɗan'uwansa: faifan, jirgin ruwa, Ruben, kaset ɗari da suka fita daga kaset ɗaya, da ma'aurata nawa a La Teja da aka fara kiransu da busarsa.

"Shekara arba'in da biyar kana cikin ƙungiyar mawaƙan Ingila, maigida, ba ka sani ba," in ji Wilmar.

"To ina hotona a bangon faifan?"

Mirta, wadda ta fito karɓar almakashi, ta tsaya ta harari mijinta.

"Wato busar mai wasa wuƙa ka yi ta yi mini a ƙofar gida? Shi ya sa Baba ya watsa maka ruwa. Ya fi ka kunne."

Dattijon ya kama wuƙar nama. Tartsatsi na tashi, Heber ya karkata kai ba da niyya ba, ya rufe ido.

"Boris ɗin dutsenka na hagu ya fara ci. Ba zai kai hunturu ba."

"Haba? Ni ban ji komai ba."

"Ba za ka ji ba tukuna."

Ya faɗe shi yadda ya saba faɗa, ba tare da ya sake saurara ba. Sai bayan maganar ta fita ya lura.

Don Olegario ya gwada kaifin a farcensa, ya duba jakar keken.

"Jaridata ta ƙare. Ba ku da takardar da zan naɗe bakin? Tana iya yanka mutum yanzu."

Heber ya laluba aljihun riga, ya ciro takardar nan mai ninki huɗu, ya warware ya miƙa masa. Dattijon ya naɗe wuƙar tsaf, layi shidan suna ciki.

Ranar Litinin, takwas ga Afrilu, an rubuta a kan katin 214: robar taga ta baya, gam, minti goma. Amma wannan daga baya ne. A Asabar ɗin Heber bai bar mai washi ya tafi ba. Ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar lasifikar falo ya ɗora a taga tana fuskantar titi, ya yi ta fama da wayoyi har ya haɗa ta da 'yar na'urar Noelia. Waƙa ta biyar ta cika layin, maƙwabta suka fara leƙe. Ya tsayar da Don Olegario can bakin kwana, don fiton daga nesa yake zuwa, ya ba Wilmar aikin ɗaga hannu. Ganguna suka yi shiru. Jita ta ja numfashi. Wilmar ya tsaya zuƙar mate, hannun ya tashi a makare, sarewar ta faɗa cikin ganguna.

"Kun makara!" Heber ya yi ihu daga taga, yatsansa ya riga ya kai kan maɓallin mayarwa. "Daƙiƙa uku cur. Maigida, ƙara matsawa baya kaɗan. Siriri, ajiye ƙoƙon nan. Mu sake."